Zama a matsakaicin birni

Matsakaicin birni shi ne garin da ya wuce a kira shi ƙauye ko ƙaramin gari, amma bai kai Kano ko Legas ko Yamai ba wajen yawan jama'a da girman harkoki. Babu adadi guda da kowa ya yarda da shi. Ƙungiyar birane da ƙananan hukumomi ta duniya, UCLG, tana sa garuruwa masu mutum 50,000 zuwa miliyan ɗaya a wannan rukuni. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, garuruwa irin su Funtuwa, Gusau, Azare, Haɗeja, Potiskum, Maraɗi da Damagaram su ne misalan da suka fi fitowa fili.

Yadda suka taso

Wasu daga cikinsu tsofaffin biranen sarauta ne, kamar Haɗeja da Damagaram. Wasu kuwa jirgin ƙasa da cinikin auduga da gyaɗa ne suka raya su a zamanin Turawa. Funtuwa tana cikin kashi na biyu. Maska ce tsohuwar alkarya a yankin, amma da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, aka kuma kafa injin gurzar auduga, sai kasuwa da jama'a suka karkato can, har ya zama hakimin Funtuwa ne ke riƙe da sarautar Sarkin Maska. A 1975 garin ya zama ɗaya daga cikin wurare uku na farko da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, tare da Gusau da Gombe. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 225,000.

Ƙirƙirar jihohi a Najeriya ta raba irin waɗannan garuruwa gida biyu. Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi sun zama manyan biranen jiha a 1991, Gusau da Gombe a 1996, suka samu sakatariya da gidan gwamnati da albashin dubban ma'aikata a kowane ƙarshen wata. Funtuwa da Azare da Potiskum da Haɗeja kuwa sun tsaya a matsayin hedikwatar ƙaramar hukuma, duk da cewa wasunsu sun fi babban birnin jiharsu hada-hadar kasuwa. Wannan bambanci shi ke yanke rabin abin da mazauni zai samu ko zai rasa.

Abin da ake samu

Riba ta farko lokaci ce. A irin wannan gari malamin makaranta kan tashi aiki, ya hau acaɓa, ya iso gida kafin tuwon rana ya huce, ya yi la'asar a masallacin unguwarsu, sannan ya leƙa gona kafin magariba. Ma'aikacin da ke kwana a Mararraba yana aiki a cikin Abuja ba ya ganin wannan ko a mafarki, domin hanya ce ke cinye safiyarsa da yammacinsa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gajeruwar tafiya ta zama kuɗi a aljihu.

Ta biyu ita ce gona. A Funtuwa da kewayenta da wuya a samu magidanci, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, da ba shi da 'yar gonar masara ko waken suya a bayan gari. Idan kaka ta yi, ya jibge buhunan da iyali za su ci shekara, ya sayar da rara. Wanda bai noma ba ma yana saye kusa da inda aka noma, a kasuwanni irin ta Ɗandume, kafin kuɗin mota da ribar dillali su hau kan buhu. Hayar gida da kuɗin fili su ma sun fi sauƙi, shi ya sa mai matsakaicin samu ke iya sayen fuloti ya riƙa ɗora bulo a hankali har ya tare.

Sai sanayya. Garin yana da girman da za a samu banki da babban asibiti da makarantun sakandare da tashar mota mai zuwa ko'ina, amma bai yi girman da mutum zai ɓace a cikinsa ba. Mai shago kan ba da kaya bashi don ya san gidan da mutum ya fito. Idan aka yi rasuwa, kafin a gama wanka unguwa ta cika. Wannan ba ƙaramin arziki ba ne, kuma sai wanda ya yi zaman haya a inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba yake gane darajarsa.

Abin da ake rasa

Babbar matsala aikin yi ce, musamman ga matashi mai takardar digiri. Tattalin arzikin yawancin waɗannan garuruwa ƙafa ɗaya yake tsaye: ko albashin gwamnati, ko kasuwar hatsi, ko ta dabbobi kamar a Potiskum. Masana'antun da suka dogara da auduga sun ja baya tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe. An buɗe jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma a 2011, a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, karatu ya matso kusa, amma wanda ya gama yakan tattara takardunsa ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja. Garin ne ya raine shi, wani gari ke cin moriyarsa.

Lafiya ma haka take. Zazzaɓi da haihuwa da ƙaramar tiyata ana yin su a gida, amma da ciwo ya yi tsanani sai a rubuta takarda a ce a wuce gaba. Mutumin Funtuwa ya nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, wani ya nufi na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota da na masu jinya da kwana a barandar asibiti kan cinye abin da aka tara daga sauƙin haya.

Sanayyar da aka yaba tana da nata nauyi. Sa ido ya fi yawa. Bazawara ko budurwar da ke son yin sana'a a waje, ko saurayin da ya zo da wani sabon tunani, kowa ya san 'yar wane ce ko ɗan wane ne, kuma magana kan riga mutum isa gida.

Ruwa, tsari da tsaro

Waɗannan garuruwa suna faɗaɗa da saurin da hukuma ba ta iya bi. Sababbin unguwanni na awon igiya kan tashi babu magudanar ruwa, babu famfo, layukansu ko motar kashe gobara ba ta shiga. Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 kuma take da matatar man SORAZ a kusa da ita tun 2011, ta shahara da ƙarancin ruwan sha, kuma 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki abin gani ne kullum a kusan duk garuruwan da aka ambata. A Najeriya, garin da ba babban birnin jiha ba ƙaramar hukuma ce ke ɗauke da shi, kuɗinta kuwa sun daɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun koro iyalai da yawa zuwa Funtuwa, kamar yadda ƙauyukan Zamfara suka kwararo Gusau, na kan iyaka kuma suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Masu zuwa suna raɓewa a gidajen 'yan uwa da kangwaye, haya tana tashi, azuzuwa suna cika. Gonakin nesa da gari, waɗanda su ne ƙashin bayan sauƙin rayuwar, wasu an daina zuwa noma su.