Puig Aubert

Robert Aubert Puig, wanda duniyar wasanni ta fi sani da Puig Aubert, ɗan wasan rugbi ne na Faransa kuma koci. An haife shi ranar 24 ga Maris 1925 a Andernach ta Jamus, ya rasu ranar 3 ga Yuni 1994 a Carcassonne. Da yawa na ganin Faransa ba ta taɓa samun kamarsa ba a rugbin 'yan goma sha uku, wato nau'in rugbi mai 'yan wasa goma sha uku a kowace ƙungiya.

Farkon wasa

Ya fara da rugbin 'yan goma sha biyar a ƙungiyar USA Perpignan, inda suka ɗauki kofin ƙasa a 1944. A lokacin gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa lokacin mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ta haramta rugbin 'yan goma sha uku tun 1941, ta kuma ƙwace dukiyar hukumarsa. Da aka 'yantar da ƙasar wasan ya dawo, sai ya koma AS Carcassonne. A can ya ci gasar Faransa sau huɗu tsakanin 1945 da 1952. Daga baya ya taka wa Celtic de Paris da XIII Catalan leda.

Ziyarar 1951

Ya buga wa Faransa wasa 46 daga 1946 zuwa 1956 a matsayin mai tsaron baya, amma sunansa ya fi ɗaukaka a ziyarar Ostireliya da New Zealand ta 1951. Ba a yi zaton baƙin za su tsinana komai ba, sai ga shi sun doke Ostireliya a wasa biyu cikin uku, duka biyun a Sydney. Na ƙarshe ya tashi 35 da 14. Ƙafarsa ce ta fi ba 'yan kallo mamaki, domin ko daga gefen fili yakan buga ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna ba tare da dogon shiri ba. Ana kiransa Pipette saboda shan taba, har ana ba da labarin yana zuƙar sigari a gefen fili wasa na gudana. An kuma ce ba ya son tare abokin hamayya idan ya ga 'yan gaba ne suka yi sakaci. Tawagar ta sauka a Marseille jama'a suka cika tituna, kuma jaridar L'Équipe ta zaɓe shi zakaran zakarun Faransa na shekarar.

A 1954 ya jagoranci Faransa a gasar cin kofin duniya ta farko, wadda aka yi a gida. Birtaniya ta yi nasara a kan Faransa a wasan ƙarshe a Paris da ci 16 da 12.

Horarwa

Bayan ya daina wasa ya horar da Carcassonne, ya kuma yi aiki da tawagar ƙasa wajen tsakiyar shekarun 1970. An ba shi lambar girmamawa ta ƙasar Faransa, wato Légion d'honneur, a 1988. Mutum-mutuminsa yana tsaye a filin wasa na Albert Domec a Carcassonne.