Kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ƙara mata faifan ajiya na biyu: tambayoyi da amsoshi

Masu ɗaukar bidiyon biki, da masu shagunan buga takardu, da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi sukan wayi gari faifan ajiyar kwamfutarsu, wato dis dur, ya cika, sai su sayo na biyu, galibi na hannu, su ɗaura. Sau da yawa kwamfutar da ke aiki lafiya lau jiya sai ta ƙi tashi yau, ta tsaya da baƙar fuska da rubutu irin "No bootable device", ko "BOOTMGR absent" ga masu Windows na Faransanci.

Shin ayyukan da ke cikin tsohon faifan sun ɓace ke nan?

Galibi ba su ɓace ba, domin ɗaura faifai kaɗai ba ya goge komai. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe kwamfutar, a zare wayarta daga bango, a cire wayoyin sabon faifan, sannan a kunna. Idan ta tashi kamar yadda ta saba, tsohon faifan da Windows ɗinsa suna nan lafiya. Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da wasu ke yi ta sake zuba Windows, domin a lokacin ne hotunan bikin mutane da kundin ɗalibi suke salwanta da gaske, alhali matsalar ba ta kai ga haka ba.

To, me ya sa faifan da bai lalace ba zai hana ta tashi?

Kafin Windows ya fara aiki, akwai wata ƙaramar manhaja a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar (carte mère), BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi, wadda ke bin jerin na'urori ɗaya bayan ɗaya tana neman inda za ta tayar da injin. Da zarar an ƙara faifai, yana iya hawa saman jerin, musamman idan an soka wayarsa a ramin SATA (ramin da ake haɗa faifai da babban allo) mai lambar da ta gabaci ta tsohon. Idan babu komai a cikinsa, kwamfutar ta ce ba ta sami abin tashi ba. Idan kuwa na hannu ne da ya zo da ragowar Windows na mai shi na farko, sai ta yi ƙoƙarin tashi da wannan ragowar, ta maƙale ko ta riƙa mutuwa tana kunnuwa.

Yaya ake mayar da jerin daidai?

Ana danna maɓallin shiga saitin BIOS ko UEFI da zarar an kunna, kafin alamar Windows ta bayyana: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin ThinkPad da ThinkCentre na Lenovo, Del kuma a kwamfutocin da aka harhaɗa. Mai son gwaji kafin ya canza wani abu yana iya buɗe jerin tashi na wucin gadi da F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, ya zaɓi tsohon faifan. Idan ta tashi, sai ya koma cikin saitin ya ɗora shi a kan gaba, ya adana. A kwamfuta mai UEFI, layin da ke cewa "Windows Boot Manager" shi ake sa wa a farko. Yana da kyau a rubuta suna da lambar da ke jikin takardar kowane faifai kafin a rufe murfin, domin idan duka biyun na kamfani ɗaya ne, Seagate ko Western Digital, da lambar kaɗai ake bambance su.

Idan BIOS bai nuna ɗaya daga cikin faifan ba fa?

Nan sai a koma ga wayoyi. Kowane faifan SATA yana buƙatar biyu, siririya ta bayanai mai fil 7 da faffaɗa ta wuta mai fil 15, kuma wajen cusa hannu a ɗaura sabo ana yawan girgiza ta tsohon ba tare da an lura ba. A kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu, a hure ramukan, a sake soka kowace waya har ta zauna daram. Babban faifai mai inci 3.5 yana jan wuta sosai a lokacin da ya fara juyawa, don haka akwatin wutar da ya gaji yana iya ɗaukar faifai ɗaya ya kasa ɗaukar biyu. Alamarsa ita ce fanka ta juya ta tsaya, ko a ji faifan yana ƙas-ƙas. A wasu allunan kuma, sa faifan M.2, ɗan siririn faifai da ake sokawa kai tsaye a jikin allon, yana kashe wasu ramukan SATA, sai a sauya rami. Tsofaffin injuna masu faffaɗar wayar IDE mai fil 40 suna buƙatar a saita ɗan maƙalin bayan faifan, ɗaya ya zama Master, ɗayan Slave.

Na taɓa saiti, yanzu shuɗiyar fuska nake gani. Me ya faru?

Idan rubutun ya ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai yiwuwa an sauya yanayin SATA a cikin saitin, wato hanyar da allon ke magana da faifai, tsakanin AHCI da IDE ko RAID, kuma Windows ba ya yarda da wannan sauyin bayan an girka shi, don haka a mayar da shi yadda yake. Haka nan, a cikin tsare-tsaren raba faifai guda biyu, GPT da MBR, Windows da aka girka a faifai mai tsarin GPT ba ya tashi a yanayin Legacy, wato salon tsohon BIOS, wanda ke kan MBR kuma ba ya tashi a UEFI zalla. Shawarata ita ce a ɗauki hoton kowane shafi da wayar hannu kafin a taɓa shi, kuma a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a wuce zuwa wani.

Na gyara jerin, amma bayan ɗauke wuta ya sake rikicewa.

A duba agogon kwamfutar. Idan kwanan wata ma ya koma baya, ƙaramin batirin CR2032 mai volt 3 da ke jikin babban allo, mai riƙe agogo da saitin BIOS, shi ne ya mutu, sai a sauya shi.

Ta tashi, amma sabon faifan bai fito ba.

A buɗe Gestion des disques, wato sashen Windows mai kula da faifai, a duba ko yana nan ba tare da harafi ba (irin D: ko E:), a ba shi harafi. Idan sabo ne fil, sai an fara shirya shi, kuma wanda ya wuce terabait 2 a zaɓa masa GPT, domin MBR ba ya kaiwa sama da haka. Idan akwai ayyuka a cikinsa kuma Windows ya nemi a goge shi, kada a amince.

Idan dole sai an sake girka Windows fa?

A fara gwada Réparation du démarrage, wato gyaran tashi na Windows, daga filashin girka Windows, bayan an kwashe muhimman ayyuka zuwa wani wuri. Idan girkawar ta zama tilas, a cire faifai na biyu tukuna, domin idan duka biyun suna haɗe, Windows yana iya ajiye fayilolin tashi a kan ɗaya, shi kansa kuma ya zauna a ɗayan, ta yadda ranar da aka cire na biyun kwamfutar za ta sake ƙin tashi. Sai an gama girkawa, an ga ta tashi da kanta, sannan a kashe ta a mayar da faifai na biyun.