Wai mene ne technopop ɗin nan?

Technopop kiɗa ne da ake haɗawa da na'urorin lantarki da kwamfuta, amma kuma yana da amshi mai daɗi da zai maƙale maka a kai har ka riƙa bin sa da baki, ba ƙarar inji kawai ba ce. A Japan sunan ya yi ƙarfi wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma ba yadda za a yi maganarsa a tsallake ƙungiyar mawaƙan Yellow Magic Orchestra, waɗanda aka fi sani da YMO.

Su uku ne. Haruomi Hosono mai kaɗa jitar bes shi ya tara su a Tokiyo a 1978, sai Yukihiro Takahashi mai ganga wanda shi ya fi rera waƙa, sai Ryuichi Sakamoto da ya karanci kiɗa a jami'a, shi ke kan fiyano. Akwai kuma wani a bayan fage, Hideki Matsutake, aikinsa shi ne zama da na'urar Roland MC-8 yana shigar mata da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta umarci sauran na'urorin su buga daidai ba kuskure ba gajiya, kuma fa lokacin ba laftof ba komai, aikin haƙuri ne sosai.

Abin da ya fi burge ni gaskiya shi ne dabarar Hosono. Wani Ba'amurke Martin Denny ya daɗe yana yin kiɗan da Turawa ke ganin wai haka kiɗan Asiya yake, toh sai su YMO suka ɗauki waƙarsa Firecracker suka buga ta da inji suka mayar wa Amurka kayanta, kuma ta karɓu har aka gayyace su shirin talabijin na kiɗa da rawa na Amurka mai suna Soul Train a 1980, baƙaƙen fata na ta rawa. A faifansu na farko har ƙarar wasannin gem irin su Space Invaders za ka ji. Faifai na biyu, Solid State Survivor na 1979, shi ya tashi kan Japan gaba ɗaya, a ciki ne Behind the Mask take wadda Michael Jackson ya sa wa baitoci daga baya.

Masu cewa kiɗan inji ba shi da rai su saurara da kyau, Takahashi yana buga gangarsa da hannu a kan bugun na'urar, shi ya sa kiɗan yake da tsari amma bai bushe ba.

Sannan duk wanda ya taɓa shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ya ji furodusa na cewa a ƙara 808, toh asalinsa na'urar ganga ce Roland TR-808 da ta fito a 1980, YMO na cikin na farkon da suka yi aiki da ita, za ka ji ta a faifan BGM na 1981.

Sun watse a 1983, suka sake haɗuwa a 1993. Sakamoto ya ci kyautar Oscar kan kiɗan fim ɗin The Last Emperor. Takahashi ya rasu a Janairun 2023, Sakamoto ya bi shi a watan Maris, Hosono ne ya rage. In za ka fara saurare, fara da faifan 1979 ɗin, BGM ya fi nauyi a kunne, a bar shi sai an saba.