Waiwaye: Siga, Sukari Ko Dayabitis, Daga Ina Sunayen Nan Suka Fito?

Ranar da na raka kawuna awon jini a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can gefen Gumel, mutum huɗu na tarar a kan benci, ciwonsu ɗaya, amma kowa da yadda bakinsa ke kiran sa. Kawu ya ce siga ke damun sa. Wani malamin allo da ke kusa da shi ya ce nasa sukari ne. Wata dattijuwa ta ce suga, shi kuwa ma'aikacin lafiya da ya leƙo da 'yar na'urar awo a hannu sai ya ce, "Baba, shugarka ta hau." A katin da ya miƙo mana kuma ya rubuta diabetes.

Sukari ya girmi sauran a bakin Bahaushe. Daga Larabci muka aro shi, sukkar, su ma Larabawa daga Farisa suka karɓa, asalinsa kuma ƙasar Indiya ce, inda aka daɗe ana noman rake. Shi ya sa har yau dattawa da malaman soro suka fi riƙe da sukari ko sikari. Suga da siga da shuga kuwa sun shigo ne bayan zuwan Turawa, ta bakin kanti da teburin mai shayi. Kalmar Ingilishin ita ma daga wancan tushen ta fito, ke nan abu ɗaya ne ya shigo mana ta ƙofa biyu.

Sunan da likitoci ke rubutawa shi ma bai tsira ba. A Ingila an fi jin dayabitiz, a Amurka wasu na cewa dayabitis. Maƙwabtanmu na Damagaram da ke saukowa kasuwar Maigatari, waɗanda suka yi boko da Faransanci, diyabet suke cewa. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta abin da ruwa ke bi ta cikinsa ya wuce. Wani likita mai suna Aretiyus, mutumin Kafadokiya da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya siffanta ciwon tun wajen ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS): mutum na shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ruwan na fita, jikinsa na narkewa. Abin lura shi ne, wannan suna bai ambaci sukari ba sam. Yawan fitsari ya kalla.

Zaƙin ya shigo ne ta wata hanya. Tsofaffin likitocin Indiya sun lura kiyashi na taruwa a inda mai ciwon ya yi fitsari, suka kira shi fitsarin zuma. Wannan alama har gobe ita ce ke fara tada hankalin mutanenmu. Matar kawu ce ta fara ganin kiyashi sun yi baƙi a makewayi kafin a yi maganar asibiti. Ibn Sina ma ya yi bayanin ciwon. A ƙarni na 17 likitan Ingila Tomas Wilis ya jaddada zaƙin fitsarin, aka liƙa wa sunan kalmar Latin mai nufin zuma, sannan a 1776 Matiyu Dobson ya nuna cewa sukari ne a ciki. Sai 1921 wasu masu bincike biyu, Bantin da Best, suka ciro insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a cikin jini, a Toronto ta ƙasar Kanada. Ranar haihuwar Bantin, 14 ga Nuwamba, ita ce yanzu ranar ciwon sukari ta duniya.

Ni ba lafazin ke damu na ba. Ko siga mutum ya ce ko shuga, ma'aikacin lafiya zai gane. Abin da ke ci mini rai shi ne duk sunayen da muke da su a Hausa sun rataya ciwon a wuyan sukari kaɗai, kuma mutanenmu sun ɗauki sunan a matsayin bayani. Kawu ya yi wata da watanni yana ramewa, yana tashi fitsari sau biyar kafin asuba, ƙishirwa ba ta barin sa ko da sanyi, amma ya ƙi yarda. Hujjarsa ɗaya: "Ni da ba na shan shayi, ina zan samo siga? Ai ciwon masu kuɗin birni ne." Bai san cewa tuwon shinkafa da na masara da furar gero duk sukari suke komawa a cikin jini ba, kuma matsalar ita ce jiki ya kasa samar da isasshen insulin ko ya kasa amfani da shi. Akwai gado a ciki, akwai ƙiba da ƙarancin motsa jiki, akwai ma nau'in da ke kama ƙananan yara, da wanda ke tasowa lokacin juna biyu.

Ma'aikacin ya yi wa kawu bayani cewa idan an auna jini da safe kafin a ci komai, aka samu 126 ko sama da haka a ma'aunin na'urar, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to ciwon ya tabbata. Na kawu ya haura nan nesa ba kusa ba. Ya yi shiru yana kallon ɗan yatsan da aka soka, can ya ɗago ya ce, "To yaro, ita furar ma sai na bari ke nan?" Ma'aikacin ya ce, "A'a Baba, ragewa za ka yi, kuma kada a sa mata sukari. Ka dawo nan da mako biyu mu sake aunawa."