Wanka a Kutralam: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Gundumar Tenkasi ta Indiya

Abu uku ne ke kai yawancin mutanenmu Indiya: asibiti, makaranta da kasuwa. Wanda ya sami 'yan kwanaki na sararawa kuwa, Taj Mahal ne ke fara zuwa masa a rai. Ga tambayoyi kan wani wuri dabam, can ƙurewar kudu, inda ruwa ne babban abin da ake zuwa dominsa.

Ina ne Tenkasi, kuma me ake zuwa yi?

Gunduma ce a jihar Tamil Nadu, ta jingina da jerin duwatsun Ghat na Yamma waɗanda suka raba ta da jihar Kerala. A takarda sabuwa ce, domin sai a watan Nuwamban 2019 aka yanke ta daga gundumar Tirunelveli. Garin kansa tsoho ne. Ma'anar sunan ita ce "Kashi ta Kudu", Kashi kuwa shi ne Banaras, birnin da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa a bakin kogin Ganga.

Kilomita 5 zuwa 6 daga garin Tenkasi akwai wani ƙaramin gari, Kutralam, wanda a taswira za ka ga an rubuta shi Courtallam. A nan ne kogin Chittar da 'yan rassansa ke faɗowa daga kan dutse ta wurare da dama. Mutanen wurin suna kiran magangarar ruwa "aruvi", kalmar da za ka yi ta gani a jikin alluna da motoci. Abin da ya bambanta Kutralam da sauran magangarun Indiya shi ne ba kallo ake zuwa yi ba. Wanka ake zuwa yi. Tsoho da yaro, attajiri da leburan gona, kowa zai kutsa ƙarƙashin ruwan ya tsaya yana dukansa a ka da kafaɗa har sai ya gaji.

Wanka kuma? Ruwan da ke faɗowa daga kan dutse ba zai karya mutum ba?

Babbar magangarar, Peraruvi, tsayinta ya kai kusan mita 60. Da ruwan kai tsaye yake saukowa, da babu mai iya tsayawa ƙarƙashinsa. Sai dai a tsakiyar dutsen akwai wani rami mai zurfi da ake kira Pongumakadal, wanda ruwan ke fara afkawa ciki, ƙarfinsa ya karye, sannan ya tumbatso ya gangaro kan masu wanka. Duk da haka dukan ba na wasa ba ne. Kamar a ce ƙarti biyu ne suke maka tausa da dunƙulallen hannu, ga sanyi mai ɗauke numfashi a daƙiƙun farko.

Mutanen yankin sun yi imani cewa ruwan magani ne, tunda ya ratso dajin da ke cike da itatuwan magani kafin ya iso. Turawan mulkin mallaka ma sun mayar da wurin mahutarsu saboda iskarsa. Maganar waraka dai magana ce ta gado, kada wanda ya fito daga gadon asibiti ya jingina da ita. Abin da babu gardama a kai shi ne yunwa da barcin da ke biyo bayan wankan.

An raba wurin wanka gida biyu da ƙarafuna, maza gefe, mata gefe, kuma akwai 'yan sanda a tsaye. Mata da tufafinsu suke shiga, maza da gajeren wando ko tawul a ɗaure. Kada ka ɗauko sabulu. Tun a 2014 reshen Babbar Kotun Madras da ke Madurai ya hana amfani da sabulu, man wanke gashi da man shafawa a magangarun, saboda ruwan nan shi ne ke gangarawa gonaki da garuruwan ƙasa.

Magangarun nawa ne, wacce ta fi?

Ana yawan lissafa tara, amma huɗu ne baƙo zai iya zuwa cikin sauƙi. Peraruvi tana cikin gari, ita ta fi cunkoso; a tsakiyar lokacinta layi kan yi tsawo har cikin dare. Aintharuvi, wato magangara biyar, tana da nisan kusan kilomita 4, inda ruwan ya rabu gida biyar a fuskar dutse, aka bar wa mata wasu, maza wasu. A ganina ita ta fi dacewa da mai iyali. Sai Pazhaya Kutralam, Tsohuwar Kutralam, wadda ta ɗan fi nisa, ga fili ga shimfiɗaɗɗen dutse. Puliyaruvi ƙarama ce, ruwanta ba shi da ƙarfi, can ake kai yara.

Sauran, irin su Shenbagadevi da Thenaruvi, suna can sama cikin daji ƙarƙashin ma'aikatar gandun daji, kuma ba a barin kowa ya hau yadda ya ga dama. In wani ya tare ka a tasha ya ce zai bi da kai ta bayan fage, ka ba shi haƙuri.

Yaushe ya kamata a je?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin wanda ya je a Maris ko Afrilu zai iya tarar da baƙin dutse tsirara, ruwa na ɗiga kamar famfon da aka manta ba a ƙulle ba. Lokacin Kutralam daga Yuni ne zuwa wajen Satumba.

Dalilin yana da ban sha'awa. Iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma tana zubar da ruwanta a Kerala, duwatsun Ghat su tare ta, ɓangaren Tamil Nadu ya zauna a bushe. Amma a kusa da garin Sengottai akwai wata kafa a jikin duwatsun, ta nan iskar ke kurɗowa ɗauke da ɗan abin da ya rage mata. Shi ya sa a waɗannan watanni Kutralam ke samun wani siririn yayyafi mai zuwa yana ɗaukewa, rana na haskawa ta cikinsa. "Saral" suke ce masa, kuma da sunansa ake kiran lokacin gaba ɗaya. Ruwan da ya sauka kan duwatsu shi ke cika magangarun, alhali tafiyar sa'a ɗaya gabas ƙasa na ƙuna.

Akwai zagaye na biyu daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin daminar arewa maso gabas. Ruwan yakan zo da fushi a lokacin, hana wanka ya fi yawa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu kuma garin na cika da masu ziyarar haikalin Hindu na Sabarimala da ke Kerala, maza sanye da baƙaƙen kaya ba takalmi, waɗanda ke yada zango su yi wanka kafin su wuce.

Akwai haɗari?

Akwai. Ruwan sama yakan sauka can cikin duwatsu inda ido ba ya gani, a ƙasa kuwa gari garau, sai kawai magangara ta kumbura cikin 'yan mintuna, ruwan ya koma ja, yana tafe da duwatsu da itace. A watan Mayun 2024 haka ta faru a Tsohuwar Kutralam, ambaliyar ta tafi da wani matashi ɗan shekara 17. In ka ji usur ko jiniya, ko ka ga launin ruwa ya sauya, fita kawai, kada ka tsaya neman takalmi. In an ce yau ba wanka, to ba wanka. Wani lokaci hanin yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa bai kamata a ware wa Kutralam yini ɗaya tak ba.

Ƙananan fitinu su ne santsin dutse, masu yankan sarƙa cikin turmutsutsu, da birai. Biran wurin ba sa jin kunyar kowa, leda in dai tana hannunka tasu ce.

To wuraren bautar fa? Wanda ba Hindu ba zai iya shiga?

Uku ne suka yi fice. A tsakiyar garin Tenkasi akwai haikalin Kasi Viswanathar, wanda sarki Parakrama Pandyan na daular Pandya ya gina a ƙarni na 15. Hasumiyar ƙofarsa ta kai kusan ƙafa 180, an cika jikinta da sassaƙe masu launi hawa-hawa. Gobara ta taɓa cin ta, ta daɗe a rushe, sai a 1990 aka kammala sake gina ta. Ko daga bakin titi ta isa kallo, kuma iskar da ke kaɗawa ta ƙofar tana da ƙarfin da har mutanen garin ke alfahari da ita.

Dab da Peraruvi akwai haikalin Kutralanathar, kusa da shi kuma wani zaure, Chitra Sabha, wanda aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin zane-zane. Yana cikin zaure biyar na Tamil Nadu da mabiya Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautar Hindu, ke dangantawa da rawarsa. Na Chidambaram na zinariya ne, na Madurai na azurfa, wannan kuwa na zane. Haikali na uku yana garin Sankarankovil, tafiyar kusan sa'a ɗaya, inda aka haɗa Shiva da Vishnu, wani babban abin bautar Hindu, a siffa guda, rabi da rabi. Bikinsa na Adi Thapasu, tsakanin Yuli da Agusta, yana tara jama'a mai ɗimbin yawa.

Game da shiga: a Janairun 2024 reshen kotun nan na Madurai ya ba da umarnin a kafa alluna a haikalan jihar da ke cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta da ke harabar ciki. Don haka iyakarka waje da farfajiya, takalmi a cire, kafaɗa da gwiwa a rufe, kuma a tambaya kafin a ɗaga waya. Ga Musulmi ko Kirista wannan iyaka ba takura ba ce, tunda gini ya je gani, ba ibada ba.

Musulmi zai sami masallaci da abincin halal?

Ba tare da wahala ba. Akwai Musulmi da yawa a Tenkasi da Sengottai, garin Kadayanallur kuwa an san shi da su. A Pottalpudur akwai tsohuwar hubbare ta Mohideen Andavar, wadda aka gina da sunan Shehu Abdulƙadir Jilani. Ɗan Ƙadiriyya daga Kano ko Sakkwato zai ji sunan da ya saba da shi, ko da yake zai yi mamakin ganin Hindu da Kirista cikin masu ziyara.

Abincin da ya yi suna shi ne parotta, wata gurasa mai ninki-ninki da ake ci da romo da soyayyar kaza mai barkono, musamman a shagunan da ke hanyar Sengottai, unguwar da kowa ke kira "Boda" saboda tsohuwar iyaka ce. Gidajen abincin da ba sa dafa nama kuma suna ko'ina, shinkafa kan ganyen ayaba da miya kala-kala. A lokacin saral bakin hanya na cika da 'ya'yan itatuwan da ba mu saba gani ba, irin su mangostin da rambutan.

Ban da ruwa da haikali, sai me?

Madatsar Gundar kusa da Sengottai da ta Adavinainar a Mekkarai, dukansu a gindin duwatsu, wurin shan iska ne da yamma. Amma in lokaci ya ƙure, a bar su a hau jirgin ƙasa daga Sengottai zuwa Punalur ta Kerala. Layin ya fara aiki tun 1904, aka faɗaɗa shi aka sake buɗewa a 2018. Yana ratsa daji da ramukan cikin dutse, ya bi ta kan wata gada mai baka 13, kuma kuɗin tikitin bai taka kara ya karya ba.

Yaya ake zuwa?

Daga Chennai, babban birnin jihar, akwai jirgin ƙasa na dare, Pothigai Express, da ke tashi daga tashar Egmore ya iso Tenkasi da safe. Mai son jirgin sama zai sauka a Madurai, Thoothukudi ko Thiruvananthapuram, ya ƙarasa da mota cikin sa'o'i kaɗan. Tsakanin magangarun, bas da a-daidaita-sahu ne abin hawa, kuma a yi ciniki kafin a shiga.

A riƙe katin rigakafin shawara, domin Indiya na neman sa daga masu fitowa daga ƙasashenmu. A kama masauki tun da wuri, a kuma tabbatar yana karɓar baƙin waje, saboda doka ta wajabta wa otal ya yi wa baƙo rajista, ƙananan masaukai da dama kuwa ba sa son wannan ɗawainiya. Sannan ɗan Indiyancin da aka tsinta a fim ba zai yi aiki sosai a nan ba, Tamil ake yi. "Vanakkam" ita ce gaisuwa, "nandri" ita ce godiya, sauran kuma Turanci da nuni da hannu.