Hawan Nassarawa

Hawan Nassarawa hawa ne da Sarkin Kano yake yi a rana ta uku ta bikin Sallah, ƙarama da babba, domin kai wa gwamna gaisuwa a Gidan Gwamnatin Kano. Yana biyo bayan Hawan Sallah da Hawan Daushe. Da safe ake yin sa, saɓanin na Daushe da ake fita da yamma.

Asalinsa daga zamanin Turawa ne. Bayan sojojin Ingila sun ci Kano a 1903, an naɗa Sarki Abbas, jami'an mulki kuma suka zauna a Nassarawa, bayan ganuwa. Nan sarki yake zuwa gaida Razdan, wato babban jami'in Turawa na lardin, da Sallah. Turawa sun tafi, al'adar ta zauna. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnan farko, gaisuwar ta koma ta gwamna.

Sarki yana tasowa daga fadarsa, Gidan Rumfa, hakimai a gaba, kowa da zugarsa da makaɗansa. 'Yan lifidi da 'yan sulke da dogarai suna kewaye da shi, ana juya laima a kansa, kakaki da algaita na tashi, 'yan bindiga suna sakin harbi har dawakin da ba su saba ba su riƙa zabura. Ta Ƙofar Nassarawa ake fita gari. Sarki yakan tsaya a gidan sarauta na Nassarawa ya yi wa magabata addu'a. A nan aka binne Sarki Ado Bayero a 2014.

Gidan Gwamnati yana kan titin State Road, a unguwar da aka sani da manyan itatuwan inuwa, darbejiya da maɗaci da mangwaro. Duk shekara ƙofarsa a tsare take, sai mai izini. Ranar wannan hawa ne 'yan rakiya da masu riƙon linzami da maroƙa suke ganin cikinsa, ciyawa a gyare, furanni a jere, dawakai na hutawa a gindin itace. Doki ne yake buɗe ƙofar, amma mafi yawan 'yan kallo a bakin titi suke tsayawa.

A zauren Africa House ake zama. Sarki yakan yi barka da Sallah, sannan ya kawo koken talakawa: taki kafin damina, ruwan sha, tsaro, tsadar abinci. Gwamna ya mayar da jawabi. Wannan zama shi ne ƙashin bayan hawan, ko da yake kwalliyar dawakai ta fi ɗaukar ido. Masu lura da siyasar Kano sukan auna tsakanin fada da gwamnati daga lafazin jawaban biyu.

A hanyar komawa ana bi ta Sabon Gari da Fagge, inda baƙi mazauna Kano suke fitowa su yi jinjina.

Ba a yi hawan ba a 2020 saboda annobar korona, rikicin masarauta kuma ya sa 'yan sanda suka hana hawan babbar Sallah a 2024. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallah na Kano a jerin al'adun gado na duniya.