Jego bayan haihuwa ta tiyata

Jego bayan haihuwa ta tiyata shi ne lokacin da mace take murmurewa bayan an ciro mata jariri ta hanyar tsaga mara da mahaifa, abin da a asibiti ake cewa "an yi mata aiki". Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kashi 21 cikin 100 na haihuwa a duniya ta wannan hanya ake yi, amma a Afirka kudu da Sahara bai wuce kashi 5 ba. Ƙarancin nan ya sa iyaye mata da yawa da ke kula da mai jego ba su taɓa jinyar irin wannan ciwo ba, sai su bi da ita yadda suka saba bi da wadda ta haihu da kanta.

Tsagar da ake gani a ƙasan mara takan kai santimita 10 zuwa 20, a kwance. Ita ce ke saurin haɗewa, idan zaren ba mai narkewa ba ne a cire shi cikin kwana 5 zuwa 7. Amma a ƙarƙashinta akwai ɗinkin jikin mahaifa da na bangon ciki, kuma waɗannan suna bukatar aƙalla mako 6, wato kusan daidai da arba'in. Yawancin kuskure daga nan yake fitowa: fata ta rufe, sai a ɗauka an warke.

A asibiti mace takan yi kwana 2 zuwa 4. Ana cire robar fitsari bayan awa 12 ko fiye, da zarar allurar kashe zafi ta gadon baya ta sake ta, sannan nas ta kama ta ta miƙe ta taka. Tafiyar farko tana da zafi, mace tana duƙe riƙe da mara kamar cikin zai zube, amma ita ke hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, kuma tana motsa hanji iska ta fita. Wajen tashi daga gado sai ta juya gefe, ta sauke ƙafafu, ta tura jiki da gwiwar hannu. Tari ko atishawa kuwa, a danne wurin da filo. Farasitamol da makamantansa da likita ya rubuta ba sa hana shayarwa, don haka daurewa babu magani ba jarumta ba ce. Jariri yana iya kama nono ya sha dakashi tun ranar farko, uwa tana kwance ta gefe don kada ya danne ɗinkin.

Jinin biƙi yana zuwa kamar na kowace haihuwa, yana raguwa har zuwa mako 6.

A gida ne al'ada da umarnin likita suke karo. Wankan jego da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa ganyen darbejiya ko na tsamiya a jiki, yana iya ƙona wurin ko ya buɗe ɗinki, musamman da yake fatar gefen tabon takan mutu na wasu watanni, mace ba ta jin zafin da zai gargaɗe ta. Ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, ba toka, ba man zafi, ba gasa wurin. Kunun kanwa ma abin lura ne: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa, haɗe da kwanciya kan gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da al'adar ta dace a kai shi ne hutu da ciyarwa. Komawa gida wanka, inda wata za ta ɗauke mata daka da jan guga da tuƙin tuwo, daidai yake da ƙa'idar kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Farfesu, ƙwai, wake, ganye da ruwa mai yawa suna mayar da jini, suna kuma sauƙaƙa bayan gida.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi mai kai digiri 38, ruwa ko mugunya mai wari daga ɗinki, jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, kumburi da ciwo a ƙafa guda, sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. Kuka da ƙunci a kwanakin farko sukan wuce cikin mako 2. Idan suka zarce haka, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Gorin "ta kasa haihuwa da kanta" ba ƙaramin rura shi yake yi ba.

Likitoci suna ba da shawarar tazarar wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin, domin kwanika a kan sabon tabo tana ƙara haɗarin fashewar mahaifa. Aiki ɗaya bai wajabta na biyu ba, kusan 3 cikin 4 na matan da suka cancanci gwadawa suna haihuwa da kansu, sai dai naƙudar dole ta kasance a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jinin ƙari a kusa.